Tarwaɗar Inna daga Bungudu

Ana sallame Asuba muka bar Tsafe, ni da wani abokina mai babbar murya da ƙaramar mota. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Innata ce ke kwance, ta juya wa tuwo da kunu baya, abu ɗaya take ambato: farfesun tarwaɗar gulbin Bungudu, garin da aka haife ta.

Hanyar Gusau ba laifi, in ka cire ramuka da shingayen bincike. A bakin tashar Gusau muka karya da ƙosai mai zafi, wanda tsada ta ƙanƙance shi har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an zo. Daga nan muka leƙa dam, inda aka tare gulbin da ke gangarawa Bungudu. Ruwa ne shimfiɗe, gwanin kyau, shi mutanen gari ke sha. Na yaba, ban san me zan tarar a ƙasansa ba.

A kasuwar Bungudu kifi ya cika faranti, manya, masu sheƙi. Har na sa hannu a aljihu, mai sayarwar ta ji zancen Inna, ta ce, “Alhaji, wanga na kiwo ne. Tahi bakin gulbi.”

Can muka iske wani dattijo masunci yana ɗinkin koma. Gulbin ya tsuke, yashi ya fi ruwa yawa. Ya ce da can ambaliyar damina kan hau fadama, ciyawa ta ruɓe, ƙwari su yi yawa, ƙananan kifi su ƙoshi, manya kuma su ƙoshi da su. “Tun da anka tare ruwa, laka ta tsaya can sama. Ran da sunka ga dama su sako shi, ya kwashe ƙwai ya wuce. Kihi mi zai ci?” Bai zagi kowa ba, don 'ya'yansa ma a Gusau suke shan ruwan. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ya ɗaga kwando, tarwaɗa ɗaya ce ciki, kai ƙato, jiki kamar bulala. Abokina ya matsa mu koma mu sayi mai ƙiba, wai Inna ba za ta gane ba. Na dai ɗauki ramammiyar.

Kafin la'asar muna gida. Ƙanwata ta dafa, na tallabo Inna, na miƙa mata kwanon ina fatan kada ta ture. Ta kurɓa.

“Ruwan garinmu ne,” in ji ta. “Amma wanga kihi ya sha yunwa.”

Ta sake kurɓa, har ta ga ƙasan kwanon. Na koyi cewa in aka tare gulbi, ba ruwa kaɗai ake tarewa ba, har da abincin na ƙasa. Da na karɓi kwanon ta riƙe hannuna, ta ce in an girbe gero a kai wa masuncin da ya kamo kifin, don wanda kifinsa ya rame haka, gidansa ma ba a ƙoshi ba.