Lauje, Laka da Robar Keke

Laujena ne, kuma ni na cusa shi ƙarƙashin tarin shinkafar da muka yanka a fadamar Dagona, bakinsa a sama, don in ce ya ɓata in samu in huta. Ban ma gama shirya ƙaryar ba, sai ga Yayana da dami a ka, ba takalmi. Ya taka.

Na sha ganin jinin ragon layya, amma wannan ya fi na raguna uku. Mu biyu ne kawai a gonar. Na tuna yadda masunta ke shafa laka in ƙayar kifi ta soke su, sai na kwaso ta hannu biyu na danna a ciwon. Jinin ya ƙi tsayawa. Na kwance robar da muke ɗaure kaya a keke, na naɗe idon sawunsa, na ja da ƙarfin da zai iya tsayar da kogin Gashuwa.

"Kai, ɗan banza, sassauta mini," in ji Yaya.

"Yi haƙuri, Yaya, in na sassauta ƙarewa za ka yi."

Tun hantsi muke bakin hanya, sai azahar muka samu a-kori-kura mai ɗauke da bandar kifi. Ƙafar na kan cinyata, ta yi sanyi, yatsun sun koma kalar toka. Yaya ya zage ni, ya zagi keken, ya zagi direba. Can kuma ya daina zagin. Nan take na yi wa Allah alkawarin barin ƙarya, da ƙwallo, da satar ƙuli-ƙulin Inna, in dai ƙafar za ta tsira.

A asibitin Gashuwa, malamar jinya ta dubi robar, ta dube ni.

"Wane gwanin ne ya ɗaure?"

"Ni ne, Anti."

"Lakar fa?"

"Ita ma ni ne."

"Tsumma mai tsabta za ka danna da hannunka, shi ke nan. Ƙafa ka mayar buhun gawayi?"

Ta kira likita, aka sa wa Yaya ƙarin ruwa, sannan aka yanke robar. Sun daɗe suna wanke laka da ruwan gishiri, suna tsinto ɓawon shinkafa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na riƙe kafaɗarsa ina kuka fiye da shi. Ba su ɗinke ba. Likita ya ce datti ya shiga ciki, sai an bar ciwon a buɗe ana wankewa kullum.

Kowace safiya in an warware bandeji, yatsun nake ƙirgawa. Uku suka dawo da ɗumi. Biyu suka ƙara baƙi.

A rana ta huɗu na faɗa wa Yaya wanda ya ɓoye laujen. Ya ce ai ya sani, ya juya fuskarsa bango.

Washegari aka cire ƙananan yatsun biyu. Sauran ƙafar tana nan, da ita yake zuwa gona.