Kawu Sale da Wayoyin Akori-kurarsa

Kun dai san Kawu Sale, ba ya gaisawa da ɗan Adam sai ya gama gaisawa da batir. Da sassafe zai ɗaga bonet, ya tattaɓa wayoyin nan nasa kamar mai duba jariri, sannan ya waiwayo: "Af, Habu, ashe kana nan?"

Wani direban tirela ne ya cuce mu. A tashar Ƙaraye ya gaya masa wai in ka ƙara waya daga baƙin kan batir zuwa jikin inji, mota za ta amsa totur tun kafin ka taka. Shi ke nan, mun shiga uku! Kafin kaka ta zagayo, cikin bonet ɗin ya koma tukunyar taliya.

Mai gyaran wayoyin mota ma ya gaya masa gaskiya: "Alhaji, in tsohuwar wayar ta yi tsatsa, sabuwa za ta taimaki tashi da fitila. Amma ƙarfin jan kaya? Injinka ne ya gaji."

Kawu ya ce, "Kai ne dai ka gaji. Miƙo min mai kaurin can."

Hatta wayar shanyar matarsa ba ta tsira ba. Inna Laure ta fito da wanki ta ga wayam.

"Malam, ina wayata?"

"Ta samu ƙarin girma, Laure. Yanzu a inji take aiki."

Ni kuwa, da nake yaron motarsa, ni na sha wuyar. Ranar kasuwar Rogo muka lodo gyaɗa daga Fulatan. Ya taka totur, motar ta yi tari kamar tsohon da ya shaƙi barkono, ya dube ni: "Ka ji, ko?"

Na ce, "Kawu, ni dai hayaƙi na ji."

Ƙiiii, ya taka birki. "Sauka! Nauyin gardamarka ne ya danne ta."

Na sauka, na taka sayyadata. Wallahi har na shanye furata a kasuwa kafin ya iso. Ya leƙo ta taga yana washe baki: "Ka ga da na sauke ka yadda ta tashi?"

Mun gaji, jama'a. Mun yi turi har kafaɗunmu sun yi kanta.

Da ciwon ajali ya kayar da shi, maƙwabta suka kawo mota lafiyayya a kai shi asibitin Ƙaraye. Ya ce in ba a tasa ba, ba inda za shi. Ni na tuƙa. Na danne totur har ƙasa, hankalina a tashe, numfashinsa na sama-sama, ga amalanken shanu na neman wuce mu wajen Yammedi. Sai na ji hannunsa a gwiwata, ba nauyi ko kaɗan.

"Habu, sassauta. Ba ka saba da ƙarfinta ba."

Na dube shi. Na ce, "To, Kawu." Na ɗaga ƙafa.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya sa ya huta.