Rumfar Barci a Bakin Iyakar Jibiya

Mun tashi da asuba daga Kano, ni a sitiyari, yayata a gefe rungume da jakarta. Yayar tawa malamar jami'a ce, ta shafe shekaru tana binciken abin da ƙwaƙwalwa ke yi idan mutum na barci. A gida tsokanarta muke yi, wai ta yi boko mai zurfi a kan abin da jariri ma ya iya. A jakar nan akwai takardar ajiye aiki da ta yi niyyar miƙawa ran Litinin. Ta ce ta gaji da rubutun da Turawa biyar ke karantawa, ko mutum ɗaya a garinmu bai amfana ba. Abin ya dame ni.

Gwaggonmu za mu gaisar a Jibiya. A Kankiya muka karya da waina mai zafi, wadda ta ƙanƙance har sai ka haɗa uku kafin baki ya san an ci. Daga Katsina zuwa Jibiya kuwa shingayen bincike sun hana ni saka giya ta huɗu. Gero ya yi kai a gonaki, kore shar ko'ina.

Gwaggo ta cika mu da fura mai kauri, sannan ta ba mu kwanon tuwo mu kai wa ɗanta, direban babbar mota da ya kwana biyu a bakin iyaka yana jiran takardu. Mun iske motoci jere, masu canjin kuɗin sefa na ɗaga hannu, mata na sayar da dogon burodin Nijar. A gefen tasha akwai wata rumfa da tabarmi shimfiɗe, ƙarti bakwai suna ta minshari da tsakar rana.

Muna sallama da ɗan Gwaggo sai na yi wata doguwar hamma. Wani dattijo mai jar hula, shugaban direbobin wurin, ya dube ni.

“Malam, ina za ka tahi da wagga hamma?”

Na ce Kano, kuma ina da goro.

“Goro ruhe barci yakai, ba ya kore shi. Ƙwaƙwalwa na iya ɗauke wuta ido na buɗe, kahin ka ce mi babbar mota ta bar hanya. Wata likitar barci ta hwaɗi haka a rediyo. Nan ba mai tada mota da hamma sai ya kwanta minti ashirin.”

Na saci kallon Yaya. Na tuna hirar, domin ni na kai ta gidan rediyon shekarun baya, tana mitar an ɓata mata rana. Ta tambayi dattijon ko direbobi na bin dokar.

“Hajiya, da hwari sun ce lalaci ne. Ni kau ƙanena a hanyar Maraɗi ya rasu, kowa na cewa ido buɗe ya bar titi. Sai da na ji matar nan na gane abin da ya same shi. Ban san ta ba, amma kullum tana cikin addu'ata.”

Na buɗe baki zan tona, Yaya ta taka mini ƙafa. Haka na miƙe a tabarma tsakanin direbobi biyu, bisa umarnin yayata da ya zagayo ta bakin wani. Da na farka, na gan ta zaune a benci da littafin rubutu, direbobi sun kewaye ta, tana tambayar su awa nawa suke tuƙi kafin su huta. Idonta ya yi ja, amma dariya take yi.

Mun shigo Kano ana kiran magariba, ban yi hamma ko ɗaya ba. Tafiyar ta koya mini cewa aikin mutum na iya isa inda shi kansa bai taɓa takawa ba, kuma na daina tsokanar karatun barci. A ƙofar gidanta Yaya ta zaro takardar ajiye aikin nan, ta juya bayanta ta rubuta lambar wayar dattijon, ta ce, “Ran Litinin ka zo da wuri, gidan rediyo za ka kai ni.”