Fantekar Inna a Kan Sanda

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Illa, wanda tsofaffin Matameye suke kira Illa Mai Fanka. Niyyata in yi masa addu'a a wannan shafi in yi shiru, amma abin da na gani a likitar unguwarmu, wato asibitinmu, ya hana ni.

Gwamnati ta kafa mana allunan hasken rana, aka yi biki, aka ce na al'umma ne. Da wutarsu firijin likita yake aiki, inda ake ajiye allurar rigakafin yara. Madalla. Sai aka kewaye su da waya, aka sa kwaɗo, mabuɗi ya tafi Damagaram a aljihun ma'aikaci. Tantabarun unguwa, da yake ba ruwansu da kwaɗo, suka mai da wurin makewayinsu. Alluna suka yi fari fat, firiji ya mutu, jikata Rabi ta dawo gida da goyonta ba allura, ga ƙyanda tana yawo a ƙauyuka. Duk wanda na yi wa magana sai ya ce ai kayan gwamnati ne. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Tun zamanin Nasara, a shekarun 1950, Baba ya dawo daga cin rani a Kano da tsohon dinamon babbar mota a buhu. Ya ce zai haɗa masa fanka, iska ta juya shi ya cika batir, a samu ƙwan lantarki ɗaya a ɗakin haihuwa na likita. Aka sha dariya. Yana da halin sayen kwano sabo ya yi fukafukan fankar, amma ya ƙi. Gida gida ya bi: wannan ya ba da garwar kananzir, wancan ƙusa, maƙera suka ba da aiki. Da ya zo namu gidan, fantekar auren Inna ya nuna.

"Malam, kayan ɗakina za ka rataya wa iska?" in ji ta.

"In ba naki a sama, ranar da ta karye ba za ki fito ba," ya ce.

Inna ta yi fushi har ta daina yi masa fura. Amma daga ranar da fankar ta hau sanda, in hadari ya taso ita ce ta farkon leƙawa waje, ta ga ko fiffikenta mai jan fure yana nan. Haka kowace unguwa ta san nata. In ɗaya ya lanƙwashe, kunya kaɗai ta isa ta fito da masu shi kafin rana ta yi zafi. Da Kwamandan Nasara ya zo rangadi, ya yaba fankar, ya ce a mayar da ita bariki gardawansa, wato dogaransa, su riƙa tsaronta. Baba ya yi godiya har ƙasa, ya ce a taimaka da batir, a bar sanda inda take. Batir bai zo ba, sanda kuma ba ta gusa ba.

Da yana raye, na san ba zai raina allunan nan ba, sun fi fankarsa nesa ba kusa ba. Tambaya ɗaya zai yi: wa yake da ko ƙusa a ciki? A taimake mu, muna so. Amma a daina ce mana namu ne alhali ko tsumma ba a yarda mu ɗora a kai ba.

Ni dai na ɗaura tsumma a kan doguwar gora, na je na zura ta saman waya ina gogewa, da tsufana. Mai gadi ya taso.

"Hajiya, an hana taɓawa fa."

"Ɗana, ranar biki na wa aka ce?"

Ya sosa ƙeya, ya koma ya zauna. Washegari na tarar da Rabi ta riga ni, da bokiti a hannu, goyo a baya.

Fanka ta daɗe da ruɓewa, Baba bai bar mana gida ko gona ta kirki ba. Abin da ya bari shi ne ƴa da jikarta da ba sa iya wuce kayan gari da datti su kau da kai. Allah ya jiƙansa. Mabuɗi har yau yana Damagaram, gora kuwa tana bayan ƙofata.