Kwana Huɗu Ana Neman Karen Packie

Cathal Gillespie yana da shekara goma sha tara ya sayi motar. Tun da ya bar makaranta yake aiki a wani kamfanin sarrafa kifi da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Killybegs, yana tsaye daga safe har la'asar cikin takalman roba yana jera kifi a kwali. Ba shi da hayaniya. Irin samarin nan ne da idan aka yi musu magana sai kunnuwansu sun yi ja kafin amsa ta fito. Mahaifinsa kan yi mako uku a teku bai leƙo gida ba, saboda haka gidan yana hannun mahaifiyarsa Nuala da yayarsa Orla, ma'aikaciyar jinya mai bakin tsiya.

Duk Lahadi da yamma samarin yankin sukan taru a filin ajiye motoci na bakin ruwa, kowa ya ɗaga bonet ana leƙen inji, ana gardamar wace ta fi wace tashi. Shekara biyu Cathal yana zuwa a kujerar bayan motar wani, ya tsaya gefe hannu a aljihu, ba mai tambayar ra'ayinsa. A cikin shekarun nan bai sayi ko riga ba, sai tara kuɗi.

A wajen wani mutum a garin Letterkenny ya samo motar. 'Yar ƙarama ce shuɗiya mai ƙofa uku, ta girmi lasisinsa da shekara goma sha huɗu, ta wuce hannun mutum huɗu kafin shi. Amma injin da ke cikinta ya fi ƙarfin jikinta, kuma wani daga cikin masu ita na baya ya sa mata salansa mai faɗin baki. Orla ce ta kai shi. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta ce ta ga akwatin gawa da ya fi wannan fili. Shi kuwa tun da mai motar ya murɗa makulli ya ji rurin nan, bai ƙara jin abin da ake faɗa ba. Bai ma nemi ragi ba.

Watannin farko sun yi masa daɗi ƙwarai. Yakan wanke ta ko ana ruwan sama. Yana canza kaya a wurin aiki don kada ƙarnin kifi ya kama kujerun. Nuala ta ce ita dai ta huta, da ta ji ƙarar daga gada take ɗora dankali, kafin ya iso ya fara tafasa. A filin bakin ruwa aka fara buɗa masa wuri a tsakiya. Abokinsa Fergal ya nuna masa yadda ake shiga kwana ba tare da an ɗaga ƙafa daga totur ba, ya koya, har ya fi mai koya masan. A bayan sitiyari kaɗai kunnuwansa ba sa ja.

Hanya biyu ce take kai shi gida. Akwai ta bakin teku mai tsawo, akwai ta kan tudu, siririya mai hawa da gangara, wadda ba kowa ke bi ba. A kanta gidan Packie Boyle yake. Packie tsoho ne mai shekara saba'in da shida, bai taɓa aure ba, yana da tumaki wajen tamanin da ke kiwo a kan dutse. Abokin kakan Cathal ne tun ƙuruciya, kuma shi ya fara ɗora Cathal a kan tarakta yana ɗan shekara goma sha biyu. Gwiwoyinsa sun daɗe da lalacewa. Karensa Glen, baƙi mai farin wuya, shi yake yi masa hawan dutsen. Packie zai tsaya a gindi ya yi fito, kare ya zagayo da garken gaba ɗaya.

Wata Laraba a watan Oktoba Cathal ya tashi aiki ƙarfe huɗu, ya bi ta kan tudu. Rana ta ɗan fito, kwalta ta bushe, ba kowa a gabansa. Ya sa giya ta huɗu a inda ta uku ma ta yi yawa. Yana haye ɗan tudun da ke gaban ƙofar gonar Packie sai wani baƙin abu ya fito ta tsagar katanga. Ya taka burki, amma ya riga ya ji bugun a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ya fito. Glen yana kwance a gefen kwalta, yana numfashi sama-sama, idonsa a buɗe. Cathal ya durƙusa ya dafa shi, yana kiran sunansa, har numfashin ya tsaya. Daga inda yake yana hango hayaƙi na tashi daga bututun gidan Packie, tafiyar minti uku. Ya miƙe da niyyar zuwa, ya yi taku biyar, ya tsaya. Ya duba gabas ya duba yamma, ba kowa. Sai ya dawo ya ciccibi karen ya sa a but ɗin motar, ya yi gaba kamar mil ɗaya zuwa inda ake haƙar baƙar lakar da ake ƙonawa a murhu, ya kwantar da shi a wani tsohon rami, ya jawo rassan ƙaya ya rufe. Da ya isa gida ya wanke bamba da but tas. Orla ta ga tsagar da ke bambar, ya ce turken wurin aiki ya goga. Ta yi masa dariya, ya ji daɗin dariyar, don ta nuna ta yarda.

Washegari yana dawowa ya tarar da Packie a kicin ɗinsu, hula a gwiwa, shayi na hucewa a gabansa. Ya tako mil biyu da sanda. Ya ce karensa bai kwana gida ba, abin da bai taɓa yi ba a shekara bakwai. Kafin Cathal ya cire jaket Nuala ta ce ai ga mai mota ya dawo, yanzu zai zaga da shi duk inda yake so, motar ta yi wani amfani ban da tayar da jariran mutane daga barci.

Haka aka fara. Packie ya sha wahala kafin ya shiga, don motar a ƙasa take. Ya sauke gilashi, ya ce a tafi a hankali. Duk inda suka kai wata ƙofar gona sai ya ce a tsaya, ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, gajere biyu da dogo ɗaya, sannan ya kasa kunne. Cathal yana riƙe da sitiyari yana kallon gaba. Suka bi ta gefen ramin ma. Packie ya yi fito a wurin, ya jira, ya ce su ƙara gaba.

Ranar Juma'a suka sake fita, Asabar kuma tun safe. Suka shiga gidaje fiye da ashirin, a kowanne Packie yana kwatanta karen, mutane suna yaba wa Cathal da suka ga saurayi yana hidimar tsoho. Wata mata har ta ba shi biredin da ta gasa. A hanya Packie ya ba shi labarin yadda ya karɓo Glen yana ɗan mako takwas a cikin aljihun kwat, da yadda karen ya taɓa tono tunkiya daga ƙanƙara. Ya ce nan da mako biyu ya kamata a sauko da garken a saka musu rago, bai san yadda zai yi ba. Ya yabi motar, ya ce kujerarta ta fi ta gidansa laushi. Kullum idan zai sauka sai ya bar ƙwai shida a jarida a ƙasan kujera. Cathal ya kasa cin abinci. Sau uku yana buɗe baki zai faɗa, kowane karo sai ya ga ai jiya ya kamata ya faɗa, yau ta yi latti.

A ranar Asabar ɗin ne Packie ya fara ambaton Manus Byrne, maƙwabcinsa, wanda suka shekara ashirin suna rigimar iyakar gona. Ya ce Manus ya taɓa rantsuwa zai harbe karen idan ya sake ganinsa cikin 'yan tumakinsa. Cathal ya ce shi bai ga alamar Manus zai aikata haka ba. Packie ya ce yaro ne shi, bai san mutane ba.

Ran Lahadi bayan an fito daga coci, mutane suna tsaitsaye a bakin ƙofa, Packie ya dogara sandarsa har gaban Manus. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Manus, ka faɗa mini inda ka jefar da shi, in je in binne abina. Ba zan kai ka ko'ina ba."

Fuskar Manus ta canza. Matarsa da jikokinsa suna tsaye a gefensa. Ya ce duk rigimarsu bai taɓa zaton Packie zai ɗauke shi mutumin banza haka ba, ya kama hannun matarsa suka wuce. Cathal yana tsaye taku huɗu daga wurin, makullin mota a hannu. Ya buɗe wa Packie ƙofar motar, ya taimaka masa ya zauna.

Bai tsaya a gidan tsohon ba. Ya wuce ƙofar gonar, Packie yana tambayarsa ina za su, har ya kai wurin ramin ya kashe inji. Kansa a sunkuye Cathal ya yi magana.

"Ni ne, Packie. Ran Laraba, a ƙofar gonarka. Gudu nake yi. Yana can ƙarƙashin ƙayar."

Packie bai juyo ya kalle shi ba. Ya dubi hannuwansa da ke kan sanda. Sannan ya tambaya ko karen ya sha wahala, Cathal ya ce bai fi minti biyu ba, kuma yana riƙe da shi.

"Kare kan mutu a hanya, ɗan Nuala," in ji tsohon. "Na binne uku kafin wannan. Amma kwana huɗu ka zauna kusa da ni ina fito."

Ya buɗe ƙofa da kansa, ya yi ta kokawa har ya fita, ya ƙi karɓar hannun da Cathal ya miƙa masa. Da ƙafa ya koma gida, Cathal yana bin sa a baya ɗauke da karen naɗe a jaket ɗinsa na coci. A bayan rumfar ciyawa Cathal ya haƙa rami, Packie yana zaune a kan bokiti. Da aka gama Packie ya ce saura Manus, kuma ba shi zai je ya yi bayani shi kaɗai ba.

Manus ya saurare su a tsaye a bakin ƙofarsa. Ya karɓi hannun Packie, bai karɓi na Cathal ba. Kafin Litinin duk ƙauyen ya ji. Nuala ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye shi ƙwan da suka yi ta ci kwana uku daga ina suke, alhali ta sani. Orla, wadda ba abin da ke wuce ta ba ta yi tsiya a kai ba, ta yi mako guda ba ta tsokane shi ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Cathal ya sa motar a kasuwa. Mahaifinsa da ya dawo daga teku ya ce ya cire tallan, motar ba ita ta jawo ƙaya ta rufe rami ba, kuma ba wanda zai riƙa kai shi aiki. Ya cire. Ya samo ɗan kwikwiyo daga wani mai kiwo a Glenties ya kai wa Packie, tsohon ya shafa kansa ya ce a mayar, horar da kare shekara biyu ne a kan dutse, shi kuma ƙafafunsa sun gama.

Da lokacin sauko da garke ya yi, Cathal ya ɗauki hutun kwana uku ya tafi ba tare da an kira shi ba. Packie ya tsaya a gindin dutse yana nuni da sanda, shi kuma yana gudu cikin laka da ruwa yana tare tumaki, suna watsewa yana sake tarowa. Aikin da Glen kan yi a awa biyu sai da ya cinye kwana ukun, har da taimakon Manus a rana ta ƙarshe. Samarin bakin ruwa suka samu labari. Duk sanda ya shigo filin sai wani ya yi fito, gajere biyu da dogo ɗaya, Fergal ya ce, "Kwanta, Glen." Ya jure Lahadi biyu, ya daina zuwa.

Da bazara Packie ya sayar da garken. Cathal yana cikin waɗanda suka loda su a babbar mota. Tsohon ya ƙirga su suna hawa, ya rufe ƙofar gona, ya ce wa masu aikin su shigo su sha shayi, har da shi. Ya shiga ya sha a tsaye.

Yanzu Cathal yana da shekara ashirin da shida, yana tuƙa motar kai kifi Dublin, kuma masu kamfanin suna cewa ba su da direban da ya kai shi natsuwa. Shuɗiyar motar ta yi shekara huɗu a hannunsa kafin tsatsa ta cinye ƙasanta. Packie bai ƙara shigarta ba, ko ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya ya gwammace ya jira motar wasiƙa. Yana nan da ransa, ya koma gidan ƙanwarsa a cikin gari. Idan suka haɗu a kanti yakan tambayi lafiyar Nuala da labarin teku, Cathal ya amsa, ya ɗaukar masa jaka zuwa ƙofa. Maganar karen ba ta sake tasowa tsakaninsu ba, kuma har yau Cathal bai san ko tsohon ya yafe masa ba, bai kuma iya tambaya ba.