Kujera ɗaya, tsofaffi biyu

Shekarun baya, lokacin da fataucin wake ya fara karɓa ta, ina da wata tsohuwar bashe, irin a-kori-kurar nan mai gida ɗaya. Injinta lafiya lau, yashin hanyar Sukukutane bai taɓa riƙe ta ba. Cikinta ne abin kunya. Dogon benci ne guda daga ƙofa zuwa ƙofa, rigarsa ta yayyage, soso ya leƙo, ga wani ɗan ƙarfe da ke jiran tufafin duk wanda bai san wurinsa ba. Ƙasa kuwa ƙarfe ne tsirara, buhu na shimfiɗa masa.

Kowace ranar kasuwa, idan na baro Dogon Dutsi na sauka daga gudro, wato titin kwalta, akwai wani gawo da nake tsayawa. Mutum biyu ke jira na a gindinsa: kawuna, yayan mahaifiyata, Ba'are kamar ni, da abokinsa, wani tsohon Bafillace da nake ce wa Baffa. Kun san Ba'are da Bafillace taubasai ne. To waɗannan biyun sun ɗauki wasan kamar sana'a, tun kafin su shiga mota ake farawa.

"Matsa can, bawana, warin nono ya ishe ni," in ji Kawu.

"Kai da ko akuya ba ka da ita? Ba don ni ba, da ruwa za ka dama hura har ka mutu."

Haka za mu matsu mu uku a kan bencin nan, suna yi ina dariya, har mu isa. Zan faɗi gaskiya, ba zumunci kaɗai ya sa nake ɗaukar su ba. Manomin da bai san ni ba, idan ya ga na fito daga mota ɗaya da tsofaffin nan, ba ya dogon bincike kafin ya buɗe mini rumbunsa. Fuskarsu ce jarina na farko.

Wata rana na rage wa wani abokina ɗan kasuwa hanya. Ya sha farar shadda, yana sauka ƙarfen nan ya kama ta, ƙiii. A gaban mutanen tasha ya ce, "Kai, wagga mota ce ko turken awaki?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. Washegari na kai motar wurin tapisiye, mai gyaran kujerun mota. Na ce ya cire benci ya sa mini kujeru biyu na ƙaramar mota, masu matashin kai, da ɗan akwati a tsakani. Ƙasa kuma a shimfiɗa jan moket, kafet ɗin nan mai laushi.

Ya danna bencin da hannu ya ce, "Alhaji, ƙashin wannan da sauransa. Sabuwar riga kawai yake so."

Na ce, "Cire shi."

Kwana uku ya gama. Ranar da na karɓo ta sai da na zagaya tasha sau biyu ba gaira ba dalili, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje.

Ranar kasuwa ta zo, na tsaya a gindin gawo ina jiran yabo. Kawu ya buɗe ƙofa, ya tsaya. Ya dubi kujera, ya dubi moket, ya dubi takalminsa. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: kujera ɗaya, tsofaffi biyu. Ni da nake duban buhu in faɗi tiya nawa zai auna, wannan ɗan lissafin ya wuce ni kwana uku cur.

Na saurara in ji an fara zagi, don in da zagi to da sauƙi. Sai na ji Kawu ya ja da baya ya ce, "Bismilla, Malam, shiga."

Malam! Tun da nake ban taɓa jin ya kira shi haka ba.

Baffa ya ce, "A'a, Alhaji, motar ɗanka ce. Kai ya kamata."

Sau uku suna miƙa wa juna, kowa da ladabi kamar ranar suka fara haɗuwa. Daga nan Baffa ya jefa sandarsa baya, ya taka taya da gwiwarsa mai ciwo, ya hau ya zauna kan buhunan da babu komai cikinsu. Kawu ya cire takalmi ya ɗora a cinya, ya shigo yana ɗage ƙafa kamar mai tsallake ruwa.

Na ce, "Kawu, taka mana, ai don takawa aka yi shi."

Ya ce, "Mu tahi."

Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar ranar ba. Duk ramin da muka faɗa sai na ga Baffa a madubi, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, ya rufe fuska da rawani. Kawu bai ko jingina ba. Da kasuwa ta tashi Baffa ya ce ya samu amalanke, in wuce kawai.

Mako na gaba gindin gawo babu kowa. Na bayansa ma haka. A kasuwa wani manomi ya tambaye ni, "Ina tsofaffinka?" Na ce suna lafiya. Ya gyaɗa kai, ya ce waken nasa bai gama bushewa ba tukuna. Ni kuwa na ga waken da idona.

Na je wurin mahaifiyata, na same ta tana tsinkar zogale. Na ce ban san abin da na yi wa Kawu yake fushi da ni ba. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ba hushi suke ba. Kawunka ba ya sake zama bisa laushi abokinai na baya rami na jijjiga shi. Shi ko wancan ba ya yarda a ce ya tada mutum daga kujerar ɗanai. Tun suna samari ba wanda ya taɓa hawa bisa wani, kai ka zo da motarka ka ce sai sun hidda babba."

Na koma wurin tapisiye. Ga bencina a ƙofar shago, mutum uku a kai suna shan shayi. Yana hango ni ya fara dariya, bai ma bari na yi bayani ba. Ya sa sabon soso, ya yanke ƙarfen nan, ya ɗinka masa baƙar riga mai kauri. Moket ma na ce a ɗebe, aka sa roba wadda bokitin ruwa ɗaya ke wankewa. Kujerun biyu kuwa, abokin nan nawa mai shadda na sayar wa, kuma ban yi asara ba.

Ban jira ranar kasuwa ba. Na ɗauko Kawu, muka nufi rugar Baffa. Ya fito, ya zagayo, ya leƙa ciki. Ya danna bencin da kan sandarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ba'are dai Ba'are ne. Sai ya rushe ɗaki sannan ya gane ciki yake kwana." Ya dubi Kawu. "Sauka in shiga, bawa, ka zauna kamar motar gado."

Kawu ya ce, "Goge kashin shanun ƙafarka tukuna."

A rayuwata ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Tun daga nan, ko a shago ko a gida, kafin in canza abu sai na tsaya na duba wa yake amfani da shi ban da ni. Ba wata hikima ba ce, sau ɗaya na ƙone na koya.

Kawu ya rasu ƴan shekarun nan, Allah ya jiƙansa. Na sayi wasu motoci, amma bashen tana nan tana aiki, kuma Baffa yakan bi ni kasuwa idan gwiwa ta bar shi. Idan ya shiga sai ya matso tsakiya, ya takure kusa da ni, gefen ƙofa babu kowa. Sau ɗaya na ce, "Baffa, matsa ka sake mana, ga wuri nan."

Ya ce, "Wurin bawana ne. Ta nan yake tofar da goro."

Ban sake yi masa maganar ba.