Shari'ar Talotalo a Ƙauyen Ingila

Shekaruna saba'in da huɗu a bana, tafiyar nan kuwa yau shekara tara ke nan da yin ta. Na ga ya kamata in rubuta ta da hannuna tun kafin Malam Iliyasu Bazazzagi ya riga ni, ya murɗe ta.

Ga asalin maganar. Muna 'yan makarantar midil ni da Iliyasu, akwai wani malaminmu Bature da muke kira Mai Lofe. Yana da talotalo guda da yake reno kamar ɗa, har suna ya raɗa masa. Mu kuwa a wurinmu tsuntsu mai ƙiba haka ba shi da makoma sai ciki. Wata Lahadi na yanka shi, na gasa, na ɓoye a bayan sito na tafi sallar la'asar. Da na dawo, ko ƙashi babu. Na ɗora wa kare laifin, na haƙura. Washegari Iliyasu aka yi wa bulala shida. Shekara hamsin yana kukan an zalunce shi saboda ni, ni kuma ina musu a kowace majalisa, har da wadda muke zama ranar Asabar a Wheaton, nan Amurka inda muke zaune. Da labari ya iske mu cewa Mai Lofe yana raye a wani ƙauye na yammacin Ingila, sai Iliyasu ya rantse zai tona ni a gabansa. Ƙin tafiya amsa laifi ne, saboda haka na ɗaure kayana.

Talata: Gaithersburg zuwa Landan

Na bar gida ƙarfe biyar da kwata, bayan sallar asuba, cikin tasi zuwa filin jirgin Dulles, tafiyar mil talatin. Na tarar Iliyasu ya riga ni isowa daga Fort Washington.

“Sule Bakano, ashe ba ka gudu ba?”

“Ina ubangiji zai guji bawansa?” in ji ni.

Jirgi ya ɗaga ƙarfe tara da rabi, muka yi awa bakwai a sama. Ma'aikaciyar shige da fice ta Landan ta tambayi abin da ya kawo mu. Na ce mun zo gai da malaminmu ne. Ta dubi furfurarmu, ta sake duba, sannan ta buga hatimi. Muka sauka a gidan 'yata Hajara, wadda ke aikin likita a can.

Laraba: duwatsu, coci da doki

'Yar Mai Lofe ta riga ta shaida wa Hajara cewa tsohon ba ya ganin baƙi sai daga ƙarfe huɗu zuwa biyar. Jin haka na ƙulla dabarata: in rana ta ƙare a yawon kallo, shari'a ta rushe.

Mun bar Landan ƙarfe takwas, Hajara na tuƙi. Bayan mil tamanin da 'yan kai muka isa Stonehenge, wasu manyan duwatsu da mutanen dā suka kafa a fili, suka ɗora wasu a kan wasu. Na zagaye su sau uku cikin natsuwa, ina tambayar jagora nauyin kowane ɗaya.

“Tun yaushe ka fara son duwatsu?” in ji Iliyasu. “Dutsen Dala na ƙofar gidanku, ba ka taɓa hawa ba.”

“Ilimi nake nema, Bazazzagi. Ba fanninku ba ne.”

Daga nan mil tara zuwa Salisbury, inda muka ci kifi da soyayyen dankali marar yaji. Akwai wata tsohuwar coci mai hasumiya doguwa ƙwarai. Na nace sai mun hau. A mataki na arba'in gwiwoyina suka yi mini tawaye, na zauna ina haki, amma rabin awa ta tafi, kuma abin da nake so ke nan.

Ƙarfe uku da rabi muka hangi wani farin doki da aka sassaƙa a jikin tudu. Na ce a tsaya mu ƙarasa gare shi da ƙafa. Hajara ko birki ba ta taɓa ba.

“Baba, ka yi haƙuri. Baba Iliyasu ya gaya mini tun jiya cewa za ka nemi ɓata mana lokaci.”

Ƙauyen Mai Lofe

Huɗu saura minti biyar muka shiga. Gidaje ba su wuce arba'in ba, da yawansu jinkar ciyawa, irin wadda mu muke jin kunyarta a ƙauyukanmu, su kuwa sai mai hali ke iya zama a cikinta. Babu mai gari da za a gaisar, babu kowa a ƙofar gida, sai agwagi a wani tafki. Na kawar da kaina daga gare su.

Muka tarar da shi a kujera, bargo a cinya. Muka durƙusa, ya karɓe mu da Hausa tsantsa ta zamanin En'e, irin wadda jikokina ba sa ji. Aka kawo shayi da wata gurasa mai man shanu. Iliyasu bai ko kurɓa ba ya gyara hula.

“Ranka ya daɗe, maganar talotalon nan ce. Ni ban yanka ba. Ga wanda ya yanka nan zaune.”

Na ajiye kofin shayina. Tsohon ya yi dariya har da tari.

“Ai na sani, Iliyasu. Ta tagar ofis na hangi Sule yana fige shi. Kafin in sauko ya tafi masallaci. Da na zagayo bayan sito, kai na gani zaune, ƙirji a hannun dama, cinya a hagu.”

Na juya na dubi Iliyasu. Ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

“Ashe kai ne karen?” in ji ni.

“To shi fa, ranka ya daɗe?” Iliyasu ya tambaya da ƙaramar murya. “Me ya sa ba a taɓa shi ba?”

“Mutum ya yanka, ya fige, ya sha hayaƙi, bai ɗanɗana ba. Wace bulala zan ƙara masa?”

Asabar: komawa gida

Mun sauka Dulles ƙarfe uku na yamma, na shiga gidana biyar da rabi, na yi wa Allah godiya da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Ina kuma gode wa Hajara da ta ƙi bin umarnina. Na amsa a gaban duniya cewa ni na yanka. Wanda ya ci shi ma yanzu an san shi. Duk mai shakka ya tambayi Hajara, ko 'yar Mai Lofe da ta zuba mana shayi. Na ukunsu Malam Iliyasu ne, sai dai shi in an tambaye shi, labarin duwatsu yake bayarwa.